Fulogi Takwas

A bayan Ƙofar Guga, gindin wata tsohuwar ɗorawa,
motar babanmu na zaune a kan duwatsu huɗu,
doguwa, ja kamar nunannen gauta,
gabanta kaɗai ya isa shimfiɗar mutum biyu.
Shekara ashirin kaji na ƙwai a kujerar baya.

Sai ga baƙo daga Kaduna, da tocila da ɗan madubi.
Ya ce in injin na kamfani ne,
wanda aka haife ta da shi a Amurka,
zai ba da abin da zai rufa mana ɗaki uku da kwano.
In kuwa dashe ne,
mu nemi 'yan gwangwan su auna ta a sikeli.

Yaya Sada ya dafa ƙirji:
"Da fulogi takwas ta zo, da su take.
Ranar da ta shigo garin nan
har ƙyauren gidan Barmo ya yi rawa, a kan idona."
Shekararsa huɗu a lokacin.

Iro bakanike, wanda ruwan batir ya ɗauke wa ido ɗaya,
ya furzar da goro, ya goge sifana a gwiwa.
"Ni na sauke na farkon, shekarar da fari ya kwashe shanu.
Fistin ya fasa ciki ya leƙo kamar ɗan tsako.
Wannan daga Maraɗi muka ɗauko shi,
ta Jibiya, da dare, a ƙarƙashin buhunan gyaɗa.
Babanku ya ce kar kowa ya ji."
Sada ya ce tsufa ne.
Iro ya ce, to.

Aka kankare baƙin mai da wuƙa da fetur
har lamba ta fito daga jikin ƙarfe:
bakwai, sifili, tara, biyu,
sai ta ƙarshe, inda tsatsa ta yi kalaci.
Ko uku ce,
ko takwas ce aka gutsure wa gefe.
Muka ɗauko takardar kwastan daga adaka,
ashe gara ta riga mu karantawa.

Baƙo ya ɗauki hoto, ya ce zai tambayi masana.
Har yau yana tambaya.

Da la'asar Iro ya aro batir,
ya ɗiga fetur a kabireta kamar mai ba jinjiri magani.
Ta yi tari. Ta sake tari.
Sannan ta buɗe maƙogwaro,
kaji suka watse, ɗorawa ta zubar da ganye.

Inna ta fito daga soro ba takalmi,
hannunta duk garin gero.
Ta tsaya har hayaƙi ya lafa, ta ce,
"Muryar nan ce ta kai ni asibiti daren haihuwarka."

Sada ya dube ni, Iro ya dube ni da idonsa ɗaya.
Na san shekarar da aka haife ni,
na san shekarar fari.
Na yi lissafi a zuci,
na sauke murfin inji a hankali,
na ce a kashe, mai na tsada.