Baba Modi Ya Sake Mutuwa

A ɗaki na uku, bayan ofishin shugaba,
wani tsohon roba na kwance kan gado.
Mu muka raɗa masa suna, Baba Modi.
Ƙirjinsa na hawa yana sauka
muddin Malama Shafa'atu na bayan gilashi,
yatsanta kan kwamfuta.

Ran Litinin sau biyu ya mutu a hannuna.
Na farko, na manta ban auna sukarinsa ba.
Na biyu, na shagala da ƙirga ɗigon ruwa
har koren layin nan ya miƙe sambal
kamar titin Kwannawa da tsakar rana.
Ba kuka, ba likkafani.
Malama ta ce, "Sake."
Ta danna, ya dawo da bugu tamanin da huɗu,
bai ko riƙe ni a zuci ba.

Kakata Ige ta yi shekara arba'in
tana karɓar haihuwa a Wurno,
ba wanda ya taɓa ce mata sake.
Da na nuna mata shi a waya
ta daɗe tana kallo, ta ce,
"Wanga bawan Allah ba shi da dangi?
Ku dai ruhe mai ƙahwahu."

Dare a Mabera, zafi ya koro mu tsakar gida.
Ina juya zuciya da ɗan yatsa a kan allo,
in buɗe ta, in leƙa ɗakunanta huɗu,
in bi jini har inda ya kwana.
Caji saura tara, data na haki,
jarrabawa za ta rufe sha biyu daidai.
Na tura amsa ta ƙarshe
sauro na shan rabonsa a idon sawuna.

Sai ga makon asibiti.
Gado na sha ɗaya, manomin albasa daga Kware,
fatarsa duk gumi, jijiyarsa na zillewa.
Ta Baba Modi ba ta motsi,
nan take kullum, kamar an ɗaure ta.
Wannan kuwa yana kallona.
Ya ga allurar na rawa, ya ce,
"Ɗiyata, mi as sunanki?"
Na ce Atine.
"To, Atine, bi ta sannu. Ni ma tsoro nika ji."

Na nemi gilashin, babu.
Na nemi mai cewa sake, babu.
Hannuna ne ya tuna
abin da ya yi sau hamsin a kan roba:
ya kwantar da allura, ya saurara, ya shiga.
Jini ya leƙo, ja, mai ɗumi,
na mutum.

Da yamma, kafin in tsayar da kabu-kabu,
na biya ta ɗaki na uku.
An kashe wuta, ƙirjinsa shiru.
Na ja zanen gadon
na rufe masa ƙafafu.