Inda Allura Ke Tsalle

Kwana tara da binne Baba
muka ɗaga ƙofar garejinsa a Toledo.
Warin baƙin mai, tsohon tiyo a naɗe a ƙusa,
da kwali huɗu na faya-fayan garmaho
waɗanda shekara talatin ta yankan gilashi ta saya,
ɗaya-ɗaya, ranar albashi.

Jolisa, 'yar ƙanena, ita ta zaro shi.
Samari biyar farare a bangon, gashi har kafaɗa,
sun jingina da mota kamar su suka ƙera ta.
Ta juya bayan, ta karanta,
ta ajiye shi da yatsa biyu.
"Kakana ya saurari wannan?
Kun san sunan da suka kira mai goge takalmi
a baiti na uku?"

Mun sani.
Kalma ce da ba ta taɓa kwana a gidanmu ba.

Renard ya ce, "Zamaninsu ke nan, yarinya.
Kuma labari suke bayarwa,
bakin mugu suka ara don a ji muninsa.
Saurari jitar nan. Ina kike zaton suka samo ta?
Kukan kakanninmu ne aka jona wa lantarki."
Ta ce, "To, sun sha miyarmu
sun goge hannu a rigarmu,
kai kuma kana yaba yadda suka iya lasa."

Tsoho Dombrowski ya leƙo ta kan shinge,
shi da Baba injin ɗaya suka tsufa a kai.
"Ni fa ban taɓa jin kalmomin ba," in ji shi,
"rawa kawai muke yi."
Jolisa ta ce, "Rashin ji ma gata ne,
ba kowa aka raba wa ba."
Ya sosa ƙeya. Ya buɗe baki, ya rufe.
Ya koma wajen tumatirinsa.

Ni ban ce uffan ba.
Ina can wata Asabar, ina 'yar shekara tara,
Baba na wanke mota, kumfa har gwiwar hannu,
faifan nan na ihu ta taga,
shi kuma yana bi da muryarsa ta coci.
Na haddace waƙar kaf.
To me ya sa sai da na girma, a rediyon wani kanti,
kalmar ta fara marina?

Na kaɗe ƙura, na ɗora allura.
Ganga ta shigo kamar mai bin bashi.
Ƙafar Renard ta fara.
Jolisa ta harɗe hannu, amma kafaɗarta ta tona ta.
Baiti na ɗaya. Na biyu.
Muka riƙe numfashi kamar masu jiran allurar likita.

Ƙyat.

Ta yi tsalle, ta dira cikin amshi,
mai goge takalmi ya wuce da mutuncinsa.

Na ɗaga faifan ga hasken ƙofa.
Ga shi nan: ƙarci ɗaya, bai kai farce tsawo ba,
miƙaƙƙe, mai zurfi daidai gwargwado,
aikin hannun da ya san inda gilashi ke yarda
da inda yake fashewa.

Renard ya ce, "Kin gani? Bai jefar ba."
Jolisa ta ce, "Ka gani? Bai haɗiye ba."
Tabo ɗaya suke kallo,
kowa na karanta wasiyyarsa a ciki.

Ban san me Cleophus Tarver zai ce ba.
Bai cika bayani ba, ko a kan ciwonsa.
Na dai san wata rana ya zauna shi kaɗai,
ya ƙirga zagaye, ya saita ƙusa,
saboda akwai yara a tsakar gida
kuma yana son jitar.

Faifan na wurina yanzu.
Har yau ba su shirya ba, uba da 'ya.
In na kunna, nakan tsinci kaina
ina jiran wurin tsallen fiye da waƙar,
don nan ne kaɗai muryar Baba ta rage.