Kujera ta Biyu

A bayan Panteka, inda ƙarfe ke mutuwa ya sake rayuwa,
shekara huɗu ke nan ina haɗa jirgina.
Injin na tsohuwar Boswaja ne,
farfela maɗaci ce, da hannuna na feƙe ta,
har yau ɗacinta bai bar maƙoshina ba.

Dogara mai walda ya ce ƙara ƙarfe.
Sikeli ya ce rage.
A tsakanin su biyun nake kwana.

Kowane kilo da bakinsa.
In na ƙara tokare a ƙarƙashin fiffike ba zai karye ba,
amma zai zama agwagwar da ta cika ciki,
ta cinye fili da gudu, ƙasa ba ta sake ta ba.
In na rage, tsattsewa zai zama,
sai dai ban san a kan rufin wa
zai tuna da abin da na hana shi ba.

Masu shayi sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.
Gaskiyarsu.
Jirgin da ya fi kowanne lafiya
shi ne wanda kaji ke kwana a inuwarsa.
Wasu suka ce hau kawai, tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
Na ji. Amma notin da ban ɗaure ba,
ba ƙaddara ce sunansa ba,
sunana ne.

Ran Asabar muka kifa fiffiken a kan benci,
muka sa mai baro ya kawo yashi daga bakin kogi,
muna ɗorawa, muna ƙirga.
Lissafi ya ce zai ɗauki buhu ashirin.
A na sha shida ya yi ƙara,
'yar ƙarama,
irin ta gwiwar tsoho in zai miƙe daga sujada.
Dogara bai ce uffan ba.
Ya cire tabaraun walda yana gogewa,
ya daɗe yana gogewa.

Kilo tara nake nema, ba na da inda zan ranta.
Na duba tanki, tanki ya ce in ka taɓa ni
a gonar wani za ka sauka kafin Birnin Yero.
Na duba taya, na duba birki.
Sai idona ya faɗa kan kujerar baya,
wadda Atine ta rubuta sunanta a jiki da jan farce
tun tana aji uku.

Noti huɗu ne kawai.
Ban taɓa kwance abu mai tauri kamarsu ba.

Da magariba ta zo da kwanon tuwo,
ta ga gurbin, ta ga sabon tokaren da ya ci gadon kujerarta.
Ta ce, Baba, ka daina yarda da shi ne?
Na ce, na yarda da shi daidai nauyin mutum ɗaya,
kuma wanda ya yi lissafin
shi ya kamata ya zauna a kansa.

Ta ɗauki kujerar a ka ta kai gida.
A kanta take tsince shinkafa yanzu.

Hadari na haɗowa daga gabas.
Na ja tamfol na rufe fiffike.
Gobe yashi ya bushe, za mu sake ƙirgawa daga ɗaya.