Baƙaƙe Uku a Lambun Ajiwa

Ranar Talata, ina rage rassan inabi a bakin dam,
sai ga Istifanus Jatau a kan tsohon babur,
laka har gwiwa, takarda a aljihun gaba.

Ya ce, "Malam Nomau, wata kalma ta hana ni barci.
Baƙaƙe uku ce, daga dama ake karanto ta kamar ajami:
nun, da ɗa mai hannu, da ainu.
Ibraniyawan dā suna cewa nata.
Abin da mutum ke yi wa kuringar inabi ke nan.
In rubuta shuka, ko in rubuta dasa?"

Na yi dariya har wuƙa ta suɓuce mini.
Tun daga Malumfashi ka ƙono mai saboda wannan?

Na ce, zo ka tsuguna.
Shuka ta gero ce.
Ka sara da sungumi, ka jefa, ka take da diddige,
ka wuce ba waiwaye.
Wata uku, ga zangarniya.
Wanda aka ara wa gona ma yana shuka.

Wannan kuwa, duba.
Reshe ne aka yanko daga jikin uwarsa a Zariya,
ya kwana biyu a jiƙaƙƙen buhu.
Rami kamu biyu, taki, toka saboda gara.
Shekarar fari, ganye.
Ta biyu, ganye da awakin maƙwabci.
A ta uku ya ba ni nono huɗu masu tsami,
su ma tsuntsaye suka raba da ni.

Yana ta rubutu a kan gwiwarsa.
Can ya ɗago ya ce, "Da sauran magana.
Da kalmar nan suke kafa tanti.
Da ita ƙusa ke kafuwa a katako.
Har kunnen da ke gefen kanka,
da ita suke faɗin yadda aka sa maka shi."

Na kai hannu na taɓa kunnena.
Yana nan inda aka bar shi.

Abin da ban gaya masa ba:
cikin dare muka baro ƙauyenmu na bayan Batsari,
mu bakwai, da tukunya ɗaya.
Shekara biyu a nan ban noma komai ba
sai latas da alayyafo,
abin da kwana arba'in ke isa a tsige.
Takalmina a gefen kai nake kwana.
Ranar da na haƙa ramin nan,
Hansai ta tsaya ta dube ni, ba ta ce uffan ba.
Da na koma gida da magariba
na tarar ta kwance ƙunshin tasoshinta
tana jera su a jikin bango.

Na ce, rubuta dasa.
In da fili a gefen takardar, ka ƙara:
mai yin ta ya daina kwana da takalmi.

Ya juya takardar, ya ce babu fili.

Na yanko masa reshe biyu, na naɗe a buhu,
na ɗaure a bayan babur da kyauron roba.
Ya tayar, na bi shi da murya:
ido ya kalli sama, Istifanus!
In ka kifa shi, ba ya kamawa.