Kwaɗon Malam Hambali

A Ƙofar Wambai, bayan masu robobi,
akwai tebur mai ƙafa uku, bulo ne ta huɗun.
Nan Malam Hambali ya zaunar da ni
shekarar da jarrabawa ta kayar da ni.
Bai ba ni ɗan makulli ba.
Tire ya miƙo, da hantsaki,
da kwaɗon da ya zazzage wa hanji.

Ya ce, "Ƙirga."
Fil biyar na ƙasa, biyar na sama,
sifirin biyar, sirara kamar gashin masara.
Ya ce, "Mayar da kowa ɗakinsa."

Na farko ya ƙwace daga bakin hantsaki,
ya yi tsalle, kwata ta haɗiye shi.
Malam bai ko ɗago kai ba:
"Yau ka san abin da ya sa ake ce masa kwaɗo."

Da guntun kara ya koya mini,
wanda ya fere daidai faɗin rami:
ka tura shi a hankali yana bin bayan zuciyar,
ya tokare na sama kada su zubo.
Sifirin, fil, danna, matsa.
Sifirin, fil, danna, matsa.
Har la'asar ta wuce ni ina kan ɗaki na uku.

Da hannuna ya faɗa, sai ya sauya 'yan ciki.
Ya kawo wani fil mai siririn ƙugu,
kai biyu, kamar kalangu.
Ya kawo mai tsaga-tsaga kamar haƙorin zarto,
da mai faffaɗan kai kamar malafa.
"Waɗannan maƙaryata ne," in ji shi,
"aikinsu su ce maka ka iso
alhali kana zaure."

Haka kuwa. Na sa waya, na murɗa,
zuciyar kwaɗo ta ɗan juya, tawa ta buga,
na ce, "Malam, ya buɗe!"
Ya ce, "Ja mu gani."
Na ja. Ƙarfe ya yi mini shiru.

"Idan kalangu ya riƙe ka,
za ka ji yana turo hannunka baya.
Kada ka yi kokawa da shi.
Sassauta. Ba shi hanya ya wuce.
Mai ƙarfi a nan shi ne wanda ya iya saki."

Doka ɗaya ya kafa, bai maimaita ba:
"Kwaɗon da ba naka ba, ba a kuma kira ka ba,
ko a buɗe ka gan shi, a rufe yake."

Damina biyu ke nan da muka kai shi Ɗandolo.
A aljihun tebur na tarar da na ƙarshe,
ya ɗaure da tsumma, ba ɗan makulli,
ya rubuta sunana da ajami: Sagiru.
Sukurudireba na kusa, minti biyar ya isa
in farke shi in ga me ya shuka.
Ban yi ba.

Kullum bayan an ja ƙofofin kasuwa,
masu adaidaita na rige-rigen fasinja,
sai in zauna da shi, kunnena a yatsuna.
Ya yi mini ƙarya sau ɗari.
Sau ɗari na gaskata.

Daren Laraba, wuta ta ɗauke,
gajiya ta sa hannuna ya yi laushi,
sai na ji ƙas,
ƙaramin sauti, kamar gyaran muryarsa.

Da safe na zazzage shi a tire.
Kalangu huɗu. Na biyar ban san shi ba,
da hannu aka goge shi, ga sawun magagari,
ya ɗan karkace, yadda yatsansa ya karkace.

Na daɗe ina kallo.
Sannan na ɗauki kara da hantsaki,
na sauya musu ɗakuna, na rufe.
Yaron da aka kawo mini jiya
yana can yana laluben sifirin a ƙarƙashin tebur.