Sifili Uku a Jere

Ƙarfe goma na dare a Jekadafari,
janareton maƙwabci na tari kamar tsoho,
daga ni sai kwamfuta da shayin da ya huce.
Laraba, shugabar ƙungiyar bashin manoma, ta ce:
"Koya wa na'urar nan ta gane mai gudun biya,
na gaji da bin littafi da yatsa."

To, na rubuta sharaɗi.
Idan wata ya zo da sifili,
na bayansa ma sifili,
na bayan wannan ma sifili,
a kafa jar tuta a kan sunan mutum.

Na'ura ba ta san "kusan" ba,
ba ta san "ai kin san halin damina" ba.
I ko a'a, iyakar tuwonta ke nan.

Na gwada ta da lambobin ƙarya.
Biyar, sifili, biyar, sifili: ta yi gum.
Sifili, sifili, biyar: ko tari.
Ashe ba jimilla ake tambaya ba, jeri ne,
wa ya riga, wa ya bi sawun wa.
Makiyayi ma da yamma ba ƙidaya kaɗai yake yi ba,
yana lura da akuyar da ta saba gaba, yau ta koma baya.

Sai na sake ta cikin littafin gaskiya,
suna ɗari huɗu da sha biyu.
Kafin ƙiftawar ido, tuta bakwai.
Ta huɗu, Bappa Manu na Kwadon, mai albasa.
Dubu takwas, dubu takwas, dubu takwas,
wata ashirin bai taɓa fashi ba,
sannan sifili, sifili, sifili,
daidai watannin da ruwa ya kwana a fadamarsa.
Sharaɗina ya kama wutsiyar jerin,
bai waiwayi kan ba.

Na ƙara layi.
Kafin ki kafa tuta, koma baya ki ƙirga.
In wata sha biyu sun tsaya cif kafin faɗuwar,
kada ki ce ya gudu,
ki ce a je a gaishe shi.
Tutarsa ruwan ɗorawa.

Na sake gwadawa: ja biyar, ɗorawa biyu.
Biyar ɗin ban san fuskarsu ba.
Wataƙila su ma akwai ruwan da ya ci su,
wanda ba shi da gurbi a teburina.

Janareto ya yi shiru, batir saura kashi tara.
Na adana, na rufe.
Gobe Laraba za ta tambaye ni
wa ya ba ni izinin launi na biyu.