Guntun Alli

Ran da muka zauna raba kayanka,
Hananiya ya ɗauki agogon da ya daina tafiya,
Keziya ta rungume Littafi Mai Tsarki,
wanda ka ɗinke bangonsa da zaren buhun albasa.
Ni auta, kwat ɗin wa'azi ce ta faɗo mini,
mai faci a gwiwar hannu.
Na laluba aljihu, sai ga guntun alli,
bai kai kan ɗan yatsa ba.

Shekara talatin da ɗaya kana gaban allo
a firamaren da ke bayan Mabera.
Litinin zuwa Juma'a, Malam Irmiya.
Lahadi, Fasto.
A gida kuwa, mai kashe fitila ƙarfe tara
ko da mutum yana tsakiyar jimla.

Kekenka ya fi sanin hanyar asibiti
da hanyar kasuwa.
A bazarar Sakkwato, sa'ad da kwalta ke kama takalmi,
kana tafe da kwanon kunu a ɗaure a baya
don wani da ko sunan cocinmu bai sani ba.

Ba ka iya waƙa ba, Baba. Yau dai bari in faɗa.
Kai ne mai fara ɗaga murya,
zumuntar mata na biye da kai suna gyaran ɓarna,
Mama Rifkatu na buga tulu,
ta cusa dariyarta cikin gyale.

Jan bironka bai bar kowa ba.
Wasiƙar da na aiko daga makarantar kwana
ina roƙon kuɗin sabulu
ta dawo mini da layi ƙarƙashin kuskure uku,
da naira biyar a naɗe a tsakiya.

Da na ce ba zan bi sawunka ba,
kanikanci nake so,
wata biyu ba ka kira sunana ba.
“Ku miƙa wa yaron nan gishiri.”
Har wata safiya na ɗago daga ƙarƙashin mota a Kwannawa,
na gan ka tsaye, ka turo keke tun daga gida,
wai birki ne yake yi maka gardama.
Na duba. Lafiyarsa lau.
Na ɗaure abin da yake a ɗaure,
ka ƙirgo kuɗi ka biya ni,
ka ce, “Sannu da aiki, Yusha'u.”

Bayan jana'iza da kwana tara
muka je wurin Modi mai awo,
wanda yake rubuta bashin geronmu a bayan ƙofar shago
duk watan da albashi ya yi nawa.
Layi goma sha huɗu muka tarar.
Ya dube su, ya dube mu,
ya tsoma tsumma a buta, ya shafe.
“Ku tahi gida, ɗiyan Malam.
Wa ya koya min ƙidayar da zan bi shi da ita?”
Ashe kai ne, da dare, a ƙarƙashin dogon yaro,
shi da wasu mahauta biyu,
tun ba a haife ni ba.
Ba ka taɓa sa wannan a wa'azi ba.

A daren ƙarshe ba ka bar mana wata babbar magana ba.
Ka tambayi nas ko ta ci abinci.
Ka ce a tuna wa Keziya rufin ɗakin ajiya yana yoyo
kafin ruwa ya sauka.
Mama ta fara Zabura, ka ɗaga yatsa
ka gyara mata aya, sannan ka yi barci.

Kwat ɗin ta yi mini yawa a kafaɗa.
Allin yana cikin gwangwanin kusoshi a gareji,
ban rubuta komai da shi ba tukuna.
Mun gyara rufin.
Mama har yanzu ƙarfe tara take kashe fitila,
tana mita, wai ba ta san wa ya kawo dokar ba.